Matoshin da ya ƙi zama: abin da Reynolds ya zubar kafin ya gane sirrin mai a tsakanin ƙarafa

A shekarar 1883, a ma'aikatar kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan da ke Edgware Road a Landan, wani injiniya mai suna Beauchamp Tower ya huda rami mai faɗin rabin inci a tsakiyar wata tagulla, don ya sami inda zai ɗaura mazubin mai. Tagullar irin wadda ake kifawa a kan sandar ƙafar tarago ce: nauyi ya sauka a kanta, sanda ta yi ta juyawa a ƙarƙashinta. Kafin ya kai ga ɗaura mazubin sai ya tayar da injin gwajin, ƙasan sandar na tsome cikin kaskon mai. Mai ya fara tasowa ta ramin, yana malala yana ɓata wuri. Ya samo katako ya buga a ramin. Can sai ga matoshin yana fitowa sannu a hankali, kamar wani ne ke turo shi daga ciki.

Wani zai ƙara buga masa guduma ya ci gaba da aikinsa. Tower geji ya ɗauko, mai auna matsi har fam 200 a kan kowane murabba'in inci, ya ɗaura a bakin ramin. Allura ta haura ta wuce ƙarshen ma'aunin, alhali nauyin da ke kan tagullar, in aka raba shi daidai a faɗinta, fam 100 ne kacal a kowane murabba'in inci. Ba famfo a wurin, ba abin da ke tura mai. Sanda ce kawai ke juyi a kan kasko.

Abin da aka sa Tower ya yi

Ƙungiyar Injiniyoyin Kanikanci ta Birtaniya ce ta ɗauke shi aikin, ta hannun kwamitinta mai binciken gogayyar ƙarafa. Damuwar kamfanonin jiragen ƙasa a lokacin ita ce akwatin ƙafar tarago da ke yin zafi a kan hanya, ga kuma kuɗin mai da na gawayi. Tunanin yawancin masu sana'ar shi ne mai santsi kawai yake sa wa ƙarfe, ƙarfen na nan yana gugar ɗan'uwansa, sauƙi dai ake samu.

Sandar gwajin Tower faɗinta inci 4, tsawon inda tagulla ta kwanta inci 6, tagullar kuma ba ta kai rabin zagayen sandar ba, digiri 157 ta rufe. Ya gwada man zaitun, man kitsen alade, man kifin wel, man ƙwayar ref, da man da ake haƙowa daga ƙasa. Muddin sandar na samun mai a wadace daga kasko, sai gogayyar ta faɗi warwas, wani lokaci zuwa kusan kashi 1 cikin 1,000 na nauyin da aka ɗora. Ƙarin mamaki, in an ƙara nauyi gogayyar ba ta cika ƙaruwa ba, amma in an ƙara gudu sai ta ƙaru. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya haka. Wannan halin ruwa ne.

A rahotonsa na biyu, na 1885, ya auna matsin man a wurare tara na jikin tagullar. Matsin ya fi ƙarfi kusa da tsakiya, inda ya kai fam 625, kusan ninki 20 na iskar tayar ƙaramar mota, sannan ya yi ta raguwa har ya zama babu a gefuna. Da ya tara matsin duka a faɗin tagullar sai ya sami fam 7,988. Nauyin da ya ɗora kuwa fam 8,008 ne, tan uku da rabi da ɗoriya. Bambancin fam 20. Magana ta ƙare: tagullar ba ta taɓa sandar ko kaɗan, a kan mai take yawo.

A shekarar 1883 ɗin da Tower ya huda raminsa, a Sant Fitasbag ta ƙasar Rasha, Nikolai Petrov ya riga ya nuna cewa gogayyar irin waɗannan mazaunai, wato abin da sanda ke juyi a jikinsa kamar tagullar Tower, daga danƙon mai take zuwa. Sai dai lissafinsa ya ɗauka sanda na zaune a tsakiyar mazauninta cif, kuma sandar da ke tsakiya cif ba ta iya haifar da matsin da zai ɗauki ko buhun gero. Tambayar ta tsaya a nan: daga ina matsin yake fitowa?

Dutsen da ba ya ɗaukuwa

Osborne Reynolds, farfesan injiniya a Kwalejin Owens ta Manchesta, shi ya amsa, a wata doguwar maƙala da mujallar Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, ta buga a 1886. An riga an tattauna batun a taron masana kimiyya na Birtaniya da aka yi a Montiriyal ta Kanada a 1884.

Lissafin da ke bayyana motsin kowane irin ruwa yana nan tun kafin lokacin, wanda ake jingina wa masana biyu, Navier da Stokes. Matsalarsa nauyi. Har gobe ba a warware shi gaba ɗayansa ba, akwai ma ladan dala miliyan ɗaya da Cibiyar Clay ta lissafi a Amurka ta ajiye tun shekarar 2000 ga wanda ya amsa wata tambaya guda a kansa. Mutum mai alƙalami da takarda a 1886 ba shi da yadda zai yi da shi sai ya rage masa kaya. Gwanintar Reynolds ita ce sanin wane ƙunshi za a sauke, wane ne in an sauke shi jakin ya tafi fanko.

A ganina abubuwan da ya zubar kashi biyu ne, kuma littattafan koyarwa suna yi wa ɗalibai rashin adalci da suke jera su layi ɗaya, ɗaya zuwa takwas ko tara, kamar duk darajarsu ɗaya. Wasu Reynolds ya biya kuɗinsu lakadan. Wasu bashi ya ci.

Waɗanda aka biya lakadan

Kuɗin da ya biya da shi guda ne: sirantar man. Daga alƙaluman Tower, Reynolds ya ƙiyasta cewa ratar da ke tsakanin sanda da tagulla ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na inci ba. Mu ce milimita 0.02, wato kamar a tsaga gashin kai gida uku ko huɗu a ɗauki ɗaya. Tsawon da man ke bi a ƙarƙashin tagullar kuwa kusan milimita 140 ne. Ɗaya bisa 7,000 ke nan. Da za a buɗa shimfiɗar man nan ta kai tsawon filin ƙwallo, zurfinta ba zai wuce santimita ɗaya da rabi ba, ruwan da ko idon sawu ba zai kai ba.

(Makanikai in suna maganar baƙin mai cewa suke yi mai kauri ko wanda ya tsinke. A nan zan ce danƙo, don kada kaurin mai ya rikice da kaurin shimfiɗarsa.)

Wanda ya tsaya a filin ƙwallon da ruwa ya kwanta haka, ba zai tambayi bambancin matsi tsakanin saman ruwan da ƙasansa ba. Abu na farko da Reynolds ya zubar ke nan: ya ce matsi na canzawa in ka bi tsawo ko faɗi, amma daga fuskar sanda zuwa fuskar tagulla ɗaya ne. Da wannan kaɗai lissafi mai fuska uku ya koma mai fuska biyu.

Lanƙwasar sandar ma ta tafi. Rabin faɗinta milimita 50 ne, man kuma 0.02. Ga man da ke cikin wannan rata, sandar shimfiɗaɗɗiya ce, kamar yadda mai tafiya a ƙasa daga Kano zuwa Zariya ba ya lissafi da cewa duniya ƙwallo ce. Sai Reynolds ya kwance zagayen ya shimfiɗa shi kamar tabarma. Nauyin man kansa ko a jiki: mai da ya taru tsayin santimita 10 matsin da zai yi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na fam ba, ina shi ina 625.

Wanda ya fi buƙatar ƙarfin hali shi ne inashiya, wato abin nan da ke wurga fasinja gaba in direba ya taka burki, halin abu mai gudu na ƙin tsayawa ko karkata. Ita ce ke sa lissafin Navier da Stokes ya gagara. Kuma babu wanda ya fi Reynolds sanin muhimmancinta, don shi ne a 1883 ya saki launi a cikin bututun gilas ya nuna lokacin da ruwa ke barin tafiya a natse ya koma hargitsi, aikin da ya sa har yau ake cewa lambar Reynolds, wato ma'aunin ƙarfin inashiya in an gwada shi da na danƙo. To mutumin da ya yi suna a kan inashiya, bayan shekara uku shi ne ya ce a nan ba ta da aiki.

Na zauna na buga lissafin da alƙaluman Tower don in gani. Sanda mai inci 4 da ke juyi 150 a minti ɗaya, fuskarta na gudun kusan mita 0.8 a daƙiƙa. In aka sa danƙon man zaitun mai ɗumi da ratar milimita 0.02, lambar Reynolds ba ta kai ɗaya ba ma, kusan 0.3 take. Kuma a siririyar shimfiɗa ba ita kaɗai ake dubawa ba, sai an ninka ta da rabon nan na rata da tsawo. Sakamakon: inashiya ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 na ƙarfin danƙo ba. Wanda ya zubar da ita bai yi asarar da gejin Tower zai iya gani ba.

Abin da ya rage bayan sheƙa, in an bar maganar gefuna, layi ɗaya ne:

d/dx (h³ dp/dx) = 6μU dh/dx

A nan h rata ce, p matsi, μ danƙo, U gudun sanda, x kuma nisa a hanyar da mai ke bi. Dubi ɓangaren dama. In rata ba ta canzawa, wato dh/dx babu, to babu abin da zai haifar da matsi, komai danƙon mai komai gudu. Dalilin da ya sa sandar Petrov ba ta ɗaukar kaya ke nan. A zahiri nauyi kan sa sanda ta kauce daga tsakiya, rata ta zama kamar weji, baki buɗe ƙarshe a tsuke. Man da ya manne wa sanda ana jan sa zuwa cikin matsatsi, kamar garken shanu da aka koro zuwa siririyar gada: na baya na turowa, na gaba ba su gama wucewa ba, tsakiya ta cushe. Mai ba ya matsuwa, abin da ya shiga dole ya fita, don haka matsi ke tashi ya rage na shiga ya ingiza na fita. Shi ne ya turo katakon Tower.

Wannan h mai uku a ka ita ce ke sa mazaunin gyara kansa. In rata ta ragu da rabi, hanyar da matsi zai kori mai ta ƙuntata sau takwas. Ƙara nauyi, sanda ta matso, matsi ya yi tsalle ya tare ta.

Bashin da aka ci

Sauran sharuɗɗan sirantar mai ba ta biya su ba. An ɗauka cewa danƙon mai ɗaya ne ko'ina a cikin shimfiɗar. An ɗauka ƙarafan biyu sumul suke kuma ba sa lotsawa. An ɗauka mai ya cika ratar ba gurbi, ya manne wa ƙarfe ba ya zamewa a fuskarsa, kuma danƙonsa bai damu da saurin da ake murza shi ba. Don a iya kai lissafin ƙarshe da hannu, sai da aka kau da kai daga man da ke zurarewa ta gefuna, kamar tagullar ba ta da iyaka a tsawo. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban ga laifin Reynolds ba. A kan injin Tower duk waɗannan sun yi kusa da gaskiya. Ya ma san inda ya fi rauni, shi ya sa a cikin maƙalar ya auna yadda danƙon man zaitun ke raguwa da zafi, ya yi amfani da shi wajen daidaita lissafinsa da gwaje-gwajen Tower. Amma masu bin bashi sun zo, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya ƙwanƙwasa ƙofa a 1904. Arnold Sommerfeld a Jamus ya warware lissafin ga mazaunin da ya zagaye sanda gaba ɗaya, amsa mai kyau a takarda. Sai dai amsar ta ce duk matsin da aka samu a rabin da rata ke tsukewa, za a sami kishiyarsa daidai wa daida a rabin da take buɗewa, wato mai zai riƙa tsotsar ƙarfe da ƙarfin ɗaruruwan fam. Mai ba ya yarda da haka. Akwai iska narke a cikinsa, da matsi ya faɗi ƙasa da na sarari sai ta fito, shimfiɗar ta yage ta zama zare-zare. Gümbel a 1914 ya ce a share rabin da ba ya yiwuwa kawai. Swift da Stieber a farkon shekarun 1930 suka kawo sharaɗin da ya fi wannan tsafta game da inda shimfiɗar ke yankewa. Ita kuwa zurarar gefe, Ocvirk ne a farkon shekarun 1950 ya juya zancen, ya ce a gajeren mazauni irin na injin mota ita ce ma babba.

Babban mai bin bashin haƙoran giya ne. A 1916 H. M. Martin ya ɗora lissafin Reynolds a kan inda haƙori ke haɗuwa da haƙori, da sharuɗɗan nan biyu yadda suke: ƙarfe ba ya lotsawa, danƙo ba ya canzawa. Amsar da ya samu ta ce shimfiɗar mai a wurin ta fi kaushin fuskar ƙarfen siranta nesa ba kusa ba, ma'ana haƙoran na cin juna. Amma masu buɗe akwatunan giya na ganin haƙoran da suka daɗe suna aiki da alamun sassaƙar masana'anta a jikinsu ba su goge ba. Ko dai idanunsu na ƙarya, ko lissafin.

An shafe shekara fiye da 30 kafin a kama ɓarawon, kuma ashe su biyu ne. A wurin haɗuwar haƙoran giya ko ƙwallayen boris, fili ɗan mitsitsi ne ke ɗauke da kaya, matsi na kai gigafaskal 1 zuwa 3, wato ɗaruruwan ninkin abin da Tower ya auna. A irin wannan matsi ƙarfe na lotsawa, wurin haɗuwar ya baje ya ba mai fili. Shi kuma mai danƙonsa na hauhawa, abin da Carl Barus ya bayyana tun 1893. Ga man inji na yau da kullum, rabin gigafaskal ya isa ya ninka danƙo sau dubbai, har ya kusa zama kamar daskararren ƙaro na ɗan ƙiftawar ido, ya wuce ya koma ruwa. Aikin Ertel a Rasha, wanda Grubin ya fitar a 1949, shi ya haɗa abubuwan biyu, sannan Dowson da Higginson a Jami'ar Lids suka warware shi da lambobi a 1959. Shimfiɗar ta fito ninki goma zuwa ɗari na abin da Martin ya samu.

Abin lura shi ne ba su jefar da lissafin Reynolds ba. Yana nan a tsakiyar aikinsu, sai dai μ da h da ya ɗauka tsayayyu yanzu matsi ne ke juya su. Abin da aka biya lakadan bai motsa ba.

Ko da yake shi ma lakadan ɗin yana da iyakarsa. A manyan injinan tururi na tashoshin lantarki, inda sanda ke da kauri kuma take juyi 3,000 a minti, ko inda ruwa ne a madadin mai, inashiya kan dawo. G. I. Taylor ya nuna a 1923 yadda ruwa tsakanin ganguna biyu masu juyi ke nannaɗewa, Wilcock kuma ya ga alamun hargitsi a mazaunai masu gudu a 1950. A ɗaya ƙarshen, kan allurar da ke karanta faifan ajiya na kwamfuta a kan iska yake shawagi, tazararsa da faifai ƙasa da nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali ƙwayar iska kan yi tafiyar kusan nanomita 70 kafin ta yi karo da 'yar'uwarta. A nan maganar mannewa a fuskar ƙarfe ta rushe, sai da Fukui da Kaneko a Japan suka sake gina lissafin a 1988 daga motsin ƙwayoyin iskar kansu.

Inda aka ci riba

Da injiniyoyi suka gane weji ne ke ɗaukar kaya, sai suka fara ƙera shi da gangan. Michell a Ostireliya ya yi rajistar mazauni mai faranta masu karkata da kansu a 1905, Albert Kingsbury a Amurka ya sami tasa a 1910. A 1912 aka sa na Kingsbury a ƙarƙashin injin lantarki na madatsar Holtwood a kogin Susquehanna, yana ɗauke da nauyin sama da tan 200. Da aka buɗe shi bayan shekara 25, cin da ya yi bai taka kara ya karya ba.

Lissafin ya kuma faɗi lokacin da ba ya aiki. U na ɓangaren dama: babu gudu, babu matsi. Duk sanda aka tayar da mota ko janareta, a juyin farko karanshaf a kan metal, wato mazauninsa, yake kwance kafin weji ya ɗaga shi, kuma a nan ake yawan cin ƙarfe. Haka in zafi ya tsinka mai, ko fetur ya gauraya da shi, μ ta faɗi, rata ta ragu. Ratar da ta rage a metal ɗin injin mota in yana jan kaya 'yan maikuron ce (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar ƙura ɗaya da ta tsallake matatar iska a lokacin hunturu na iya fin ta girma. Sharaɗin sumul ya karye ke nan, kuma daga nan ake kama hanyar inji ya buga.

Ramin Tower ma ya bar darasinsa a jikin ƙarfe. Kafin gwajinsa an saba huda ramin mai da yanka masa kwalbati a ƙoƙon tagulla, daidai inda nauyi ya fi sauka, da tunanin can ne aka fi buƙatarsa. Ashe ƙofar gudu ake buɗe wa mai a inda ya kamata ya cushe. In ka sami makaniki ya sauke inji, ka roƙe shi ya nuna maka manyan metal na karanshaf. A yawancin injinan zamani, ɓarin sama ne ke da rami da kwalbatin mai. Ɓarin ƙasa, wanda bugun fistan ke sauka a kansa, sumul yake, ba huda ba tsagi.